Jar Tawadar Banki

Kiru, 26 ga Fabrairu, 1956

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanenka na ramin kuza. Mu nan lafiya lau. Inna tana sa maka albarka. Ƙafarta ta yi sauƙi, har jiya ta taka zuwa gidan suna ba sanda. Akuyata ta haifi biyu, ɗaya bai yi rai ba.

Na san malamin awo ne zai karanta maka, don haka zan tsare harshena. Malam, sannu da aiki, ka karanta masa a hankali, kada ka tsallake layi.

Albishirinka! Akwai maganar da na ɓoye maka wata goma sha huɗu, yau ta fi ƙarfin cikina.

Ka tuna Disambar waccan, da ka ba Alhaji Balarabe cak na fam ashirin da biyar, cikin arba'in ɗin da marigayi Baba ya jinginar masa da gonar fadama? Ka dawo kana cewa ka kwashe ajiyarka kaf, kai da banki kun rabu lafiya. To, ba ku rabu ba. Wata guda bayan tafiyarka masinjan hakimi ya kawo ambulan daga banki. Turanci ne, ni kuwa Hausa da lissafi aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Amma lamba ba ta da yare. A can ƙasa an rubuta sule tara da jar tawada. Wata na gaba wata ta zo, sule goma sha bakwai. Haka suke ta zuwa, kowace ta fi ta baya. Ta shekaranjiya fam biyar ce da sule goma sha uku.

Ashe ka yi saura a wurinsu ba ka sani ba, saurar kuma tana ta haihuwa. Na nuna wa Baffa Hamman, na roƙe shi ya riƙe mini asiri. Ya juya takardar, ya ce shi dai shekara talatin yana rubuta Alƙur'ani, ba a ɓata jar tawada a kan abin banza, sai abin da ake so ido ya girmama. Ya ce in Nasara ma haka suke, to alheri ne.

A littattafan da nake karantawa, mutumin kirki ba ya sanin abin da Allah ya ajiye masa sai ya zo gab da ƙarshen wahalarsa. Shi ya sa ko da ka zo babbar salla na danne, kana zaune a kan tabarmar da takardun suke ƙarƙashinta, ina dariya kana tambayata ko lafiya.

Yanzu ga lissafina. Kamfani ya ba ka fam goma sha biyar ɗinka, ka kai wa Alhaji kafin ƙaramar salla kamar yadda kuka yi a gaban dagaci, gona ta dawo, kai ma ka dawo. Rarar kuma a yi wa ɗakin Inna sabuwar jinka, a sayi taki, in an samu canji a sayo mini littafi biyu. Shekara biyu da aurenmu, na ƙirga kwanakin da ka kwana a gidan nan, arba'in da ɗaya ne. Ina so in daina ƙirgawa.

Wassalam. Ni ce taka,
Safara'u

*

Barikin kuza, bayan Doguwa, 11 ga Maris, 1956

Zuwa ga Safara'u,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso hannun Habu direba ranar kasuwar Doguwa. Ina lafiya, sai tarin nan na ruwan rami, shi ma da sauƙi. Ki gaida Inna, ki ce na gode wa Allah da ƙafarta.

Malamin awo ya karanta mini sau biyu, bai tsallake layi ba, amma ya ce in gaya miki rubutunki ya fi nasa kyau, kuma bai ji daɗin haka ba.

Ashe mai taska na aura ban sani ba. Wata goma sha huɗu! Ni da nake cewa ko kuɗin gishiri ba kya iya ɓoyewa.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Ranar da na buɗe ajiya, akawu ya tambaye ni ko ina son irin wadda ake ɗora wa ruwa. Na ce Allah ya kiyaye, ba na cin riba, a ba ni wadda zan ajiye in ɗauka yadda na ajiye. To wannan ƙari daga ina? In kuɗin ruwa ne, ba zan taɓa ba, sai mu ba da shi. In kyauta ce, a kawo. Zan tambaye su baki da baki.

Kamfani zai sallame ni ƙarshen wata. Ba sa ba helma kuɗi a hannu in sun kai haka, cak ne, kuma sai an zuba shi cikin ajiyar mai shi. Don haka daga nan Kano zan wuce ta Tudun Wada, in karɓa, in taho gida. Na riga na gaya wa leburorina su nemi wani helma. Na ba ɗaya daga cikinsu, Ɗanmaraya, takalman robana, don ba na son in ƙara ganinsu.

Ki ce wa Baffa ya sa a duba mini kan iyakar gonar. Ke kuma ki shirya, bana za ki ga miji da fartanya, ba miji a takarda ba.

Ni ne,
Jibrin

*

Kiru, 29 ga Maris, 1956

Maigida,

Muna lafiya, Allah ya sa kai ma haka. Wannan gajera ce, Habu yana hura ƙaho a bakin kasuwa.

Takardar banki ta goma sha biyar ta zo, fam shida da sule ɗaya. Ba riba ba ce, raina ya ba ni. Wanda ya ƙi haram, ai halal ce take binsa.

Na yi wa ɗaki sabon daɓe, na wanke babbar rigarka. Inna tana ta yi mini tsiya, wai ban taɓa share tsakar gida sau uku a yini ba sai yanzu. Duk motar da ta tsaya sai in ji kamar sallamarka ce za ta biyo baya.

Taka,
Safara'u

*

Kano, 13 ga Afrilu, 1956

Safara'u,

Ina lafiya. Barka da shiga azumi. Ba zan zo wannan makon ba. Ki tattara takardun bankin duka ki ba Habu, kada ki bar ko ɗaya. Kada ki gaya wa Inna komai.

Jibrin

*

Kiru, 17 ga Afrilu, 1956

Zuwa ga Maigida,

Ina gaishe ka da ibada. Inna lafiya, tana tambaya, na ce aiki ne ya riƙe ka. Ga takardun nan goma sha biyar, na ɗaure su da zare.

Na karanta taka har na haddace, ba wuya, layi huɗu ce. Ba ka gaida Inna ba, ba ka tambayi kowa ba, ba ka ce "ni ne" ba. Tun da muke ba ka taɓa rubuto mini haka ba.

In fushi kake don na ɓoye maka, ka yi haƙuri, ba raini ba ne, so nake in ga fuskarka ranar da za ka ji. In kuwa don na nuna wa Baffa takardar da ke da sunanka ne ba da izininka ba, na yi kuskure, na tuba. In kuɗin sun zama na ruwa ne, mu ba da su sadaka, ni na yafe littattafan.

Akwai tunani na huɗu, wanda nake jin kunyar rubutawa. Mutum ya shiga birni da fam ashirin a aljihu, ya ce ba zai zo wannan makon ba, kuma kada a gaya wa uwarsa. Na karanta irin wannan, ban ji daɗin ƙarshensa ba. Ka ce mini shirme nake, zan yarda.

Saura kwana ashirin da huɗu salla. Jiya Alhaji Balarabe ya aiko a tambaya ko ka iso.

Taka,
Safara'u

*

Fagge, Kano, 25 ga Afrilu, 1956

Zuwa ga Safara'u,

Gaisuwa da fatan kuna shan ruwa lafiya. Ki gaida Inna da Baffa. Jikina lafiya.

Shirme kike. Waccan takardar mai rubutu na bakin gidan waya ne ya yi ta, taro yake karɓa kowane rabin shafi, ni kuwa ranar ina ƙirga kwabo. Wannan Uba ne yake rubuta mini, ɗan garinmu mai aikin reluwe, a ɗakinsa nake kwana. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Na miƙa cak ɗin kamfani ranar Litinin. Aka ce in dawo Juma'a, sai an tambayo Jos, inda bankin kamfanin yake. Na dawo, na bi layi tun hantsi. Akawu ya turo mini fam takwas da sule goma sha shida ta ƙarƙashin taga. Na ce, "Malam, sake ƙirgawa, fam ashirin da ɗaya nake jira."

Ya dube ni, ya taɓo na kusa da shi, suka yi ta dariya. Ya ce, "Wa yake karanta maka takardunka?"

Na ce, "Iyalina."

Ya ce, "To a gaishe ta. Baƙi shi ne kuɗinka. Ja kuwa bashi ne."

Ga yadda abin yake. Fam ashirin da biyar ɗin da na ajiye, ashe sun cire sule tara a ciki, wai ladan riƙe mini littafi. Da cak ɗin Alhaji ya zo, kuɗin bai cika ba, sai suka cika daga nasu suka biya shi, ba su ce mini uffan ba. Daga ranar na zama mai bashi. Kowane wata sule biyar tarar cin bashi ba izini, sisi kuɗin ruwa, sule biyu da sisi kuma kuɗin wasiƙar da suka aiko miki. Cak ɗin Jos ma sun ɗauki sule uku.

Na ce, "Wa ya roƙe ku bashi? Da kun ce bai cika ba, ai sule tara na aljihuna a ranar."

Ya ce, "Asirinka muka rufa. Da ka fi so Alhaji ya ji cak ɗinka ya dawo?"

Na ce, "Ni da na ƙi cin ruwan kuɗina, yau ni ake ɗora wa ruwa?"

Ya ce, "Malam, akwai mutane a bayanka. Taga ta uku."

Na ƙi ɗaukar kuɗin. Taga ta uku ta ce maganar babban akawu ce. Babban akawu ya ce in kawo takardun duka, shi ya sa na aiko miki. Da na kawo, bai ko kwance zaren ba, ya ce ai suna da irinsu. Ya fito da takardar da na dangwala wa yatsa ranar buɗe ajiya, ya nuna wasu ƙananan layuka, ya ce duk a nan suke. Na ce ba wanda ya karanta mini. Ya ce ba wanda ya hana ni tambaya.

Na nemi ganin manaja. Kwana biyar ina zuwa da azumi a bakina, ina zama kan benci. Yau ya fita, gobe yana da baƙi, jibi an rufe da tsakar rana. Masinjan ƙofa ya ce mini, "Kai ɗan kuza, bencin nan ma in ka daɗe za a rubuta maka haya." Sai da na ba shi sisi ya shigar da ni.

Baturen bai ce in zauna ba. Na faɗi maganata, tafinta ya juya ta cikin kalma kamar biyar. Ya ce ya ji ba daɗi, amma doka ce, ba shi ya kafa ta ba. Ya ja alƙalami ya yafe mini sule biyu da sisi, kuɗin wasiƙa ɗaya. Tafinta ya ce in yi godiya. Na yi, Safara'u. Har yanzu abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Na karɓi abin da ya saura, Uba ya rubuta musu da Turanci a rufe ajiyar, don ashe sai an ce a rufe take rufuwa. Bayan abinci da kuɗin mota, fam takwas cif ke hannuna. Saura bakwai.

Ba zan ɓoye miki ba, da kin faɗa mini tun takardar farko, da sule tara ne. Na faɗa sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Ni ma da na gani, abin da zan ce ke nan, ja alheri ne. Ki roƙi Baffa ya je wurin Alhaji ya nema mana zuwa kaka.

Ni ne,
Jibrin

*

Kiru, 30 ga Afrilu, 1956

Maigida,

Ina gaishe ka. Inna lafiya. Na gaya mata, don ta same ni ina kuka a bakin murhu, ƙarya kuma ba ta zo mini ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na zauna na yi lissafi. Duk ranar da masinja ya kawo ambulan, goro nake ba shi don murna. Sau goma sha biyar ina ba da tukuici a kan sule takwas da aka zare daga guminka.

Baffa ya je wurin Alhaji jiya. Ya karɓe shi da mutunci, amma ya ce sau biyu yana ɗaga wa'adi tun Baba yana da rai, wannan na uku a gaban dagaci aka yanke shi, in salla ta wuce gona ta zama tasa. Ya ce shi ma bashin kamfanin gyaɗa ne a wuyansa. Baffa ya dawo ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "'Yata, ni tawadar Allah na sani, ban san ta Nasara ba." Ya kawo sule biyar, wai nasa laifin.

Na sayar da akuya da ɗanta, fam ɗaya da sule huɗu. Tasoshina uku da mundaye, sule goma sha bakwai, don yanzu bazara ce, kowa hatsi yake nema. Na aika da littattafaina kasuwa, mai tsire kaɗai ya taya, kwabo biyu, zai naɗe nama. An dawo mini da su. Duka-duka fam biyu da sule shida, ga su nan wurin Habu.

Saura fam huɗu da sule goma sha huɗu. Na juya lambar ta kowace fuska, ta ƙi raguwa. Ko ba za ka ƙara komawa bankin ba? Ko da ni za a je, in gaya wa Baturen ni ce ban iya karatu ba, ba kai ba?

Taka,
Safara'u

*

Barikin kuza, 6 ga Mayu, 1956

Zuwa ga Safara'u,

Bayan gaisuwa. Na karɓi saƙo, Allah ya yi miki albarka. Da kin bar mundayen.

Na koma bankin sau ɗaya. Akawu ya ce ajiyata a rufe take, yanzu ni ba mutuminsu ba ne, ba su da maganar da za su yi da ni.

Na nemi rance wurin mutum shida a Kano da Bebeji, ban samu ba. Sai na dawo nan. Baturen kamfani ya ce zai ba ni adibas fam biyar, amma ba ya ba da shi sai ga helman da ya dangwala yatsa zai ƙara shekara biyu, kuma sabon rami za a kai ni, can bayan duwatsu. Wannan karon na sa an karanta mini takardar sau biyu kafin in sa yatsa. Karatun bai rage komai a cikinta ba.

Ga fam goma sha biyar cif wurin Habu. A ba Baffa, ya kai wa Alhaji a gaban dagaci kafin Juma'a, ya karɓo shaida. Gonar Baba ba za ta fita hannunmu ina raye ba.

Ba zan zo salla ba, jibi za mu tashi. An ce in ruwa ya kankama mota ba ta shiga can sai kaka, don haka in kin ji shiru, hanya ce, ba fushi ba. Ɗanmaraya ya dawo mini da takalmana.

Ni ne,
Jibrin

*

Kiru, 20 ga Mayu, 1956

Zuwa ga Maigida,

Barka da salla, ko da ta wuce. Muna lafiya. Ƙafar Inna ta tashi kaɗan saboda sanyin ruwa. Habu ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe zuwa wajenku, daga Doguwa kuma sai ya ba wani mai jaki. Ban san ko za ta same ka ba.

An kai kuɗi ranar Laraba. Alhaji ya ƙirga, dagaci ya shaida, gona ta dawo. Mata sun shigo suna yi mana barka, na yi ta amsawa.

Daren Talata aka yi ruwan shuka. Da safe gari ya watse gonaki, ba ka jin komai sai sungumi. Inna ta ɗauki sanda ta tafi fadama ita kaɗai. Ta ce ƙasar ta yi laushi kamar tuwo, ta kewaye ta daga iyaka zuwa iyaka, ta dawo. Babu ko kwabon ɗaukar ɗan ƙodago a gidan nan. Baffa ba ya iya sunkuyawa, ƙannena kuma suna kan gonar Babanmu.

Shekaranjiya Alhaji ya aiko. Ya ce tun da ba mai nomawa, kada a bar ta ta zama saura, a ba shi aro shekara biyu, ya riƙa ba mu dami goma. Mutanensa sun san gonar, ya ce, ba sai an nuna musu komai ba. Inna ta ce sai an ji daga bakinka.

Akwai irin dawa da Inna ta zaɓa da hannunta tun kaka, zangarniya-zangarniya, ta rataye a ɗakin girki don hayaƙi ya tsare shi, wai ranar da za ka shuka gonar ubanka. Ni ma sai yanzu ta gaya mini na mene ne. Rumbu ya kusa ƙasa. Ta ce kada in tambaye ka, za ka ji ciwo, amma ba zan ƙara ɓoye maka komai ba.

Mu ba Alhaji aron? Irin kuma, ba zai kai shekara biyu ba, ƙwari za su riga ka. In amsarka ba ta zo ba zuwa ƙarshen wata, zan ɗauka hanya ta rufe. Sai in ce wa Alhaji to, in sauke irin in daka.

Wassalam. Ni ce taka,
Safara'u